Bindigar Kaka Mak 4 da Maganar Ɗura Mata Harsashi a Gida

Wani matashi daga cikin badala ya aiko mini da tambaya, har da hotuna uku. Ya ce suna gyaran ɗakin marigayi kakansu ne suka tarar da doguwar bindiga naɗe cikin buhu a bayan akwatin ƙarfe, ga kuma wani gwangwani mai ɗauke da kwanson harsashi wajen arba'in da harsasai goma sha biyu da ba a harba ba. A gida an ce kakan ya je yaƙin Bama. Shi kuma matashin yana bin 'yan farauta da rani, ya kuma ga Turawa a bidiyo suna sake ɗura tsofaffin kwanso a gida suna harbin namun daji da irin wannan bindiga. Ya ce: "Baba, wane albarushi zan nema, kuma nawa ake zubawa? Na riga na wanke ta da gas, sakatarta tana motsi lafiya."

To ɗana, Allah Ya jiƙan kaka, Ya kuma yi maka albarka da ka tambaya kafin ka ɗana. Tun daga farko zan gaya maka, awo ba zan ba ka ba, sunan garin albarushin ma ba zan ba ka ba. Na ci mafi yawan shekarun aikina na soja a ma'ajiyar makamai, irin wannan bindiga kuwa ta bi ta hannuna fiye da yadda zan ƙirga. Ba rowar sani nake maka ba. Idan ka bi ni har ƙarshe za ka ga cewa awon da kake nema shi ne mafi ƙanƙantar abu a cikin maganar.

Abin da ke hotonka Lee-Enfield ce ta Ingila, samfurin da ake kira Lamba 4, wadda tsofaffin 'yan sanda da sojojinmu ke ce wa Mak 4. Na gane ta ne da saitin baya da ke can kusa da ido, da kuma yadda bakin bututun ya ɗan leƙo gaban katako. Yayarta, wadda aka fito da ita a 1907, katakonta har baki yake kaiwa, hancinta a dakushe. Lamba 4 ta shiga hannun sojojin Ingila a 1941. Tana cin harsashi goma, kuma harsashin nata shi ne .303, wanda ya girme ta nesa ba kusa ba, don tun ƙarshen shekarun 1880 ake amfani da shi. Da irin waɗannan bindigogi kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yi yaƙi da Japan a dazukan Bama a 1944 da 1945. Shi ya sa har yau muke da barikin Chindit a Zariya, da Dalet a Kaduna, da Myohaung a Legas. Duk sunayen can ne.

Sai dai akwai abin da ya kamata ka sani, ko da ba zai yi wa gida daɗi ba. Soja ba ya dawowa gida da bindigarsa. Ranar sallama ana karɓe ta, a duba lambarta da littafi, sannan a ba mutum takardarsa da lambobin yabonsa. Kaka na iya zuwa Bama da gaske, amma da wuya a ce wannan ce ya riƙe a can. Ta fi kama da wadda ta fita daga wata ma'ajiya daga baya, ko lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 da makamai suka watsu. Duba jikin ƙarfen da kyau, mai yiwuwa ka ga wani ɗan tambari kamar kan kibiya mai ƙafa uku. Ma'anarsa kayan gwamnati. Ka ga ashe tun daga nan ba ta shiga cikin gadon da za a raba ba.

Yanzu ga abin da ka gani a bidiyo. Ba ƙarya suke yi ba, sana'a ce mai tsari, ni ma ina ganin girmanta. Harsashi abu huɗu ne: kwanson tagulla, ɗan maɓallin da ke gindinsa wanda allura ke bugawa ya tada wuta, mu kan ce masa firaima, sai gari, sai kan da ke fita ya tafi. In an harba, uku sun tafi, kwanso ya rage, kuma shi ne mai tsada. Don haka Bature a Amurka ko Kanada ko Ostareliya yake tsince kayansa ya koma gida ya sake cika su. Dalili na biyu ya fi na farko ƙarfi. Harsashin soja an lulluɓe kansa gaba ɗaya da ƙarfe, saboda tun yarjejeniyar Hague ta 1899 aka hana amfani da harsashi mai buɗewa a jikin mutum a fagen yaƙi, irin wanda aka fara yi a masana'antar Dum Dum kusa da Kalkata. Wannan lulluɓaɓɓen kai bai dace da farauta ba. Yakan ratsa dabba ya wuce, ta gudu ta je ta mutu a inda ba za ka same ta ba, ta zama mushe. Maharbi na son kai mai buɗaɗɗen baki da dalma a waje. To shi ne suke sayen irin wannan kai a kanti su ɗora.

Ka lura da kalmar, a kanti. Firaima a kanti, cikin kwalinta da lambarta. Gari a kanti, cikin gwangwani mai suna, wanda kamfani ya gwada a ɗakin gwaji da na'urar auna matsi, ya buga littafi ya ce daga nan ake farawa, nan kuma iyaka ce. Ma'auninsu yana rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren, giren ɗaya kuwa bai kai kashi bakwai cikin ɗari na giram ba. Wato ma'auni irin na masu sayar da gwal, ko wanda ya fi shi laushi. Sannan kafin mutum ya fara, ya kai bindigar wurin maƙerin bindiga mai lasisi an auna ta. Abin da kyamara ta nuna maka mintuna goma ne na ƙarshe. Sarƙar da ke bayansu ba ka gan ta ba, kuma a Kano babu ko zobe ɗaya na wannan sarƙa da za ka samu ta halal. Kallon kitse kake wa rogo.

Bari in nuna maka girman abin da ke faruwa a cikin ɗakin harsashi. In ka je wurin mai faci ya ba tayar motarka iska, wajen 32 yake tsayawa a agogonsa. Da wannan ma'aunin dai, iyakar da aka sa wa harsashin .303 ita ce 49,000. Ya ninka tayar sau dubu ɗaya da ɗari biyar, kuma duk wannan yana faruwa ne tazarar ɗani ɗaya daga idonka na dama. Bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu, wadda ka saba gani wurin 'yan farauta, iyakarta 11,500. Bindigar toka ta gargajiya ma ba a maganarta a nan. Shi ya sa gwanintar da maharbanmu ke da ita ta ɗura baushe da ido da tafin hannu, gwaninta ce ta gaske, amma ba ta ƙetarowa nan. Albarushin gargajiya baƙi ne, mai hayaƙi, yana da haƙuri. Ɗan ƙari ko ɗan ragi bai cika kai mutum asibiti ba, ka ga 'yan bindigar Sarki ranar hawan Daushe suna ta ɗurawa suna saki. Garin zamani mara hayaƙi ba shi da wannan haƙurin. Iri-iri ne, wani na cin wuta da sauri wani a hankali, kuma da ido ba ka bambance su. Garin da aka yi don harsashin tsuntsu mai sauri ne ƙwarai. Wanda ya farke irin wannan harsashi ya juye garinsa cikin kwanson .303, bam ya haɗa, kuma a fuskarsa zai tashi. Na faɗi wannan ne don na san shi ne abu na farko da wani aboki zai ba ka shawara a majalisa. Masu kankare kan ashana kuwa, Allah dai Ya shirye su.

A ce ma an yi sa'a, gari na ƙwarai ya faɗo daga sama. Saura bindigar kanta, kuma nan ne nake so ka nutsu.

Harsashin .303 yana da leɓe a gindinsa, kamar bakin faranti. Wannan leɓen ne ke tokare shi in ya shiga ɗaki, sakata kuma ta rufe ta danne shi ta baya. Tsakanin fuskar sakata da inda leɓen ke zama akwai 'yar tazara da aka ƙayyade: kada ta gaza 0.064 na inci, kada ta wuce 0.074. Bambancin duka bai fi kaurin takarda biyu ko uku ba. Muna da wasu 'yan ƙarafa na awo da muke sakawa a ɗakin mu rufe sakata a hankali da yatsa biyu. In ta rufe a kan na ƙarshen, wato na 0.074, bindigar ta faɗi, sai a ajiye ta gefe a ɗaura mata takarda. Turawan da suka ƙera Lamba 4 sun san tazarar za ta riƙa buɗewa da tsufa, shi ya sa suka yi kan sakata mai kwancewa, da lamba 0, 1, 2, 3, kowanne ya ɗan fi na baya tsawo. In ta buɗe sai mu sauya kai mu sake aunawa. Kai da ka ce sakata tana motsi lafiya, wannan ba ya gaya mini komai. Sakatar da ta fi kowacce santsi a hannu sau da yawa ita ce wadda ta fi cinyewa. Sannan duba lambar da ke jikin hannun sakatar ka gwada da ta jikin bindigar. In ba su zo ɗaya ba, to sakatar wata bindiga ce aka sa mata, kuma ba wanda ya san ko an auna bayan an sa.

Akwai wani hali kuma da Lee-Enfield ta keɓanta da shi. Haƙoran da ke kulle sakatarta a baya suke, ba a gaba kusa da harsashi ba kamar na Mauser ta Jamus. Wannan ne ya sa take da saurin sarrafawa, har ƙwararren soja yake sakin harbi goma sha biyar a minti ɗaya yana samun abin da ya saita. Amma kuma shi ne ya sa duk harbi sai ƙarfen ya ɗan ba da baya kamar bulala ya dawo. Ɗakin harsashinta ma da gangan aka yi shi da yalwa, don ya karɓi harsashi mai laka da ƙura a ramin yaƙi. Soja sau ɗaya yake harba kwanso ya yar, ba ruwansa. Mai sake ɗuri ne ke biyan bashin. Kowane harbi kwanson na miƙewa ya cika ɗakin, jikinsa na sirancewa daga ciki, can sama kaɗan da gindi. Daga waje sai ka ga wani zobe mai haske ya zagaye shi. Masu abin kan lanƙwasa bakin waya su zura ciki su ja, in ta maƙale a wani ɗan kwari sai su jefar da kwanson. Ko a hannun gwanaye da sabuwar tagulla, kwanson wannan bindiga bai cika daɗewa ba.

Na taɓa ganin yadda yake yankewa, a filin harbi, shekaru da yawa da suka wuce. Ba ɗurin gida ba ne ma, tsohon harsashi ne a tsohuwar bindiga da ya kamata a ce mun cire ta daga layi tun kafin ranar. Ƙarar ba ta yi kama da ta sauran ba, wani irin "fass" ta yi. Yaron da ke harbin ya saki bindigar ya dafe fuska. Da na ja sakata, gindin kwanson kaɗai ya fito, kamar an yanka shi da reza, sauran na manne a ciki. Gindin gidan harsashin ya kumbura. Fuskar yaron ta dama duk ɗigo-ɗigon baƙi, girarsa ta ƙone, ya yi kwanaki ido na zubar ruwa. Allah Ya tsare idon, don akwai 'yan ramukan da aka huda a jikin bindigar don irin wannan rana, su suka kwashe yawancin iskar. Har yau in na tuna nakan ji nauyi, domin ni ne ban matsa an auna ta ba a wancan zagayen. Ta kaka kuwa shekara nawa rabon da wani ya auna ta? Ka ƙara da cewa ramukan nan ƙila tsatsa da busasshen mai sun toshe su.

Kwanson da ke cikin gwangwanin ma ba irin wanda Turawan ke ɗurawa ba ne. Haska tocila cikin ɗaya ka leƙa. In ka ga ƙananan huji biyu a ƙasa maimakon ɗaya a tsakiya, to firaimarsa samfurin Berdan ce, wadda sojan Ingila ya yi amfani da ita, kuma ko a can masu ɗuri gudunta suke don wahalar cirewa da wuyar samu. Wani abin dariya, Berdan ɗin Ba'amurke ne amma Ingila ta rungumi tasa, shi kuma Boxer Baturen Ingila ne amma tasa ce ta mamaye Amurka. A gindin kwanson za ka ga haruffa da shekara. K na nufin kamfanin Kynoch, RG na nufin Radway Green, VII kuma samfuri na bakwai ne, wanda aka fito da shi a 1910, mai kai giren 174, wato giram goma sha ɗaya da ɗan ɗori, yana fita da gudun kusan mita 740 a daƙiƙa. Tsohuwar firaimar nan tana da sinadarin zaiba a cikinta, in an harba yana shiga jikin tagulla ya sa ta yi gautsi. Ga kuma wata cuta da Turawa suka gano a Indiya: sun ajiye harsasai a bargar dawakai da damina, da rani suka tarar da wuyan kwanso duk ya tsattsage. Daga baya aka gane tururin fitsarin dawakai ne ke cin tagullar. Yanzu ka tuna gidajenmu na cikin gari, akuya a tsakar gida, turken doki a maƙwabta, damina sittin ko saba'in ta wuce a kan wannan gwangwani. An ce tsohuwar zuma da ita ake magani, amma ban da tsohuwar tagulla.

Goma sha biyun nan da ba a harba ba, kada ka ce bari ka gwada ɗaya ka ji. Cikinsu akwai wani gari da ake kira kodayit, ba ma gari ba ne, tsinkaye ne dogaye masu launin ƙasa-ƙasa, sak ɗanyar taliya. Zafi ne babban abokin gabarsa, ka kuwa san ɗakin kwano a Kano cikin watan Afrilu, ana haura digiri 40 a inuwa. Tsohon harsashi yana da wata muguwar ɗabi'a: ka ja kunama ka ji ƙyas, shiru, ka ɗauka ya mutu, ka buɗe sakata ko ka juyo da bakin don ka duba, sannan ya tashi. Shi ya sa ake koya wa kurtu ya ci gaba da saita gaba ya ƙirga talatin kafin ya taɓa komai. Wani kuma ya tashi da rabin ƙarfi, kan ya maƙale a tsakiyar bututu, na bayansa ya zo ya tarar da hanya a toshe.

Bututun ma abin dubawa ne. Waccan firaimar tana barin wani gishiri a ciki wanda mai ba ya narkar da shi, sai ruwa. Shi ya sa a da, in an dawo daga harbi, za ka ga sojoji a layi da mazurari mai lanƙwasasshen wuya, ana ɗura tafasasshen ruwa ta baya yana fita ta baki, sannan a busar a shafa mai. Duk bindigar da aka harba aka ajiye ba a yi mata haka ba, ko kwana uku ne da damina, tsatsa ta kama ta. Gas ɗin da ka wanke ta da shi waje ya gyara. Sannan ka duba ko an buga haruffa biyu, DP, a kan ƙarfe ko katako, wani lokaci da farin fenti a zagaye. Ma'anarsu ta fareti ce kawai, an yanke mata hukuncin kada a sake harba ta har abada. Irinsu da yawa sun bazu, don su ake ba 'yan makaranta masu koyon fareti.

Duk wannan bayanin ƙarfe ne. Ga na doka, kuma shi gajere ne don ba shi da kwana. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yau take aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu, kuma a cikin jerin an ambaci bindigogin soja da awonsu ɗaya bayan ɗaya: milimita 7.62, da milimita 9, da .300 da .303 na inci. Ka ga sunan ta kaka a rubuce. Sashe na 3 ya ce ba mai riƙe irin wannan sai da lasisin Shugaban Ƙasa da kansa. Ba DPO ba, ba Kwamishina ba. Sashe na 22 ya hana ƙerawa ko harhaɗawa ko gyaran bindiga ko harsashi in ba a ma'ajiyar gwamnati ko masana'antar soja ba, irin ta DICON da ke Kaduna tun 1964. Ɗura kwanso a ɗaki harhaɗa harsashi ne, ko guda ɗaya ka yi. Hukuncin kowanne daga cikin biyun, wato riƙe bindigar da harhaɗa harsashin, yana farawa ne daga ɗaurin shekara goma. Harsasan da ke gwangwanin ma laifi ne mai zaman kansa. Kuma ka san zamanin da muke ciki. Wanda aka kama da na'urar ɗura harsashi a Kano a yau, ba wanda zai tsaya sauraron labarin gada da zomo, tambayar farko ita ce wa kake kai wa a daji. Ba mu ne muka fara irin wannan doka ba. A wasu jihohin Ostareliya an taɓa takura mallakar bindiga mai awon soja, har maharbansu suka riƙa sauya wa Lee-Enfield bututu zuwa ƙaramin awo don su tsira da ita. Su suna da maƙera masu lasisin yin hakan.

Ko da doka ta bari, ni ba zan so in gan ka da ita a farautar da kuke yi ba. Saitin wannan bindiga an zana shi har yadi 1,300, harsashinta kuwa in ya kuskure yana iya cin kusan kilomita uku kafin ya faɗi. Ina ne a karkarar Kano za ka tsaya ka rantse ba kowa a gabanka har kilomita uku? Ga manomi, ga mai kiwo, ga mata masu itace, ga 'yan uwanka maharba da karnuka sun yi da'ira suna kora. Me kuke samu? Zomo, zabo, fakara, gafiya, in an yi babbar sa'a gada. Harba wa zomo .303 ɓarnar nama ce, abin da zai rage bai isa miya ba. An yi ta ne don abu mai girman mutum, a Kanada har manyan namun daji da suka fi saniya ake kayarwa da ita. Namu manyan, irin su gwanki da ɓauna, sun ja baya tun tuni, ɗan abin da ya saura a wurare irin dajin Falgore kuma a ƙarƙashin kariya yake.

In farautar kake so da gaske, doka ta bar ƙofa biyu. Bindigar harbin tsuntsu mai baki ɗaya ko biyu tana kashi na biyu, lasisinta ta hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa. Ta gargajiya mai ɗurin baki tana kashi na uku, ita kuma maganarta na hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ka je Bompai ka tambayi halin da ake ciki game da bayarwa, ka kuma yi rajista da ƙungiyar maharba ta wurin Sarkin Dawan yankinku, ka riƙe katinka. Ko da takarda ma a yi hattara da tafiya da makami. Ba mu manta da 'yan uwanmu maharba goma sha shida da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, suna hanyar dawowa gida yin Sallah, bindigogin gargajiya ne kawai aka gani a motarsu. Allah Ya jiƙansu.

Abin da za ka yi da ta kaka kuwa, ga shi. Daga yau kada ka ƙara ja mata sakata, kada ka sa yatsa a kunama, ka ɗauka a ɗure take. Ka kulle ɗakin, yara kada su shiga, gwangwanin kuma ya yi nesa da wuta da rana. Hotunan da ka turo mini kada su hau Facebook ko TikTok, kada kuma ka ɗauki hoto riƙe da ita. Kada ka naɗe ta a tabarma ka hau adaidaita sahu ka ce za ka kai caji ofis, domin in aka tare ka a hanya, kai mai ɗauke da makami ne, niyyarka a zuciyarka take. Ka fara gaya wa babban gidanku. Ku je wurin mai unguwa tare, in da hali ku nemi lauya, a rubuta takarda zuwa ga DPO cewa an tsinci abu kaza cikin kayan mamaci, ana roƙon a zo a ɗauka. Su za su zo da mai sanin abin. Ku karɓi shaidar miƙawa a rubuce mai ɗauke da lambar bindigar da adadin harsasan, ku adana. Akwai kuma cibiyar ƙasa ta hana yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, irin waɗannan makamai wurinta suke ƙarewa. Kada wani ya ce a jefa harsasan a masai ko rijiya ko a ƙone su cikin shara, kada kuma kwanson ya tafi wurin 'yan gwangwan don tagullarsa. Wanda duk ya zo ya ce zai saya, ko nawa ya taya, ka san ba zomo zai harba ba.

Kafin su zo, ɗauki takarda da biro ka kwafe duk abin da ke rubuce a gefen hagu na ƙarfen da kuma zoben da ke bayan kunama, ba tare da ka ɗaga ta ba in zai yiwu. In ka ga Long Branch, a Kanada aka ƙera ta. In ka ga an rubuta cewa mallakar Amurka ce, kamfanin Savage ne ya yi ta lokacin yaƙi aka ba Ingila aro. F na nufin masana'antar Fazakerley kusa da Liverpool, M kuma masana'antar Maltby ko kamfanin BSA, gwargwadon abin da ya biyo bayanta. Turo mini in karanta maka. Sannan ka koma cikin akwatin ƙarfen nan ka bincika ƙasansa sosai, ƙarƙashin tsofaffin riguna. Tsofaffin sojan Bama ba sa yar da littafin sallamarsu, yawanci a cikin leda ko 'yar jakar fata yake, tare da lambobin yabo. Wadda nake so ka nema tauraro ce ta tagulla mai tsini shida, ƙyallenta ja a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. In ka same su, a littafin za ka ga lambar kaka ta soja da bataliyarsa, daga nan zan iya gaya maka ko runduna ta 81 ya bi zuwa kwarin Kaladan, ko ta 82.